Shekara nawa muna dashen dogon yaro, ina ƙananan ɗorawa da kaɗanya?

Ɗan_Gandu:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambaya gare ni, kuma ina roƙon a ba ni amsa da abin da ido ya gani, ba abin da aka ji a rediyo ba. Duk mai gona ko mai zuwa ƙauye ya tsaya ya duba: cikin ɗorawa, kaɗanya, tsamiya, kanya da kukar da ke gonakin garinku, guda nawa ne ba su kai shekara 20 ba? A wajenmu, yammacin Kano, kusan babu. Duk manya ne, na kaka da kakanni. In iska ta kayar da ɗaya, ko mai gona ya matsu ya sayar wa masu gawayi, shi ke nan gurbinta ya zama fili. Alhali kowace damina sai an yi bikin dashen itatuwa, a zo da 'yan jarida, a dasa dogon yaro da turare. Ni a ganina wannan dashen inuwa kawai yake mayar mana, ba ya mayar da abin da muke rasawa. Masu gani daban su yi magana.

Ummu_Hanifa:
Wa alaikumus salam. Wallahi Malam ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Mahaifiyarmu sana'ar daddawa take yi tun muna yara. Da, kalwar da take dafawa daga gonakin garin ake samo ta. Yanzu sai an kawo daga kasuwannin kudancin Kaduna da jihar Neja, kuma da tsada. Yawancin masu sana'ar sun koma waken suya. Wanda ya san miyar kuka da daddawar kalwa ya san ba ɗaya ba ne. Ga garin ɗorawa da muke sha muna yara, ga makuba da ake shafe katanga da daɓe da ita. Yarana ba su taɓa ganin makuba ba.

Sarkin_Yaƙi_07:
To ai inuwar ma ba ƙaramin abu ba ce. Ku je Maiduguri a watan Afrilu ku ga abin da maina, watau dogon yaro, take yi wa mutane. A daina raina dogon yaro don Allah.

Tsohon_Malamin_Daji:
Bari in sa baki, tunda a wannan aikin na yi furfura. Ɗan_Gandu, maganarka gaskiya ce, amma akwai dalilin da ya sa ake dasa dogon yaro, ba ƙiyayya ake yi da ɗorawa ba. Ita darbejiya, watau dogon yaro, baƙuwa ce, asalinta ƙasar Indiya, wajen 1928 Turawa suka fara dasa ta a Borno. Irinta yana tsirowa ba wahala, tana jure fari, gara ba ta cika damunta ba, cikin shekara 3 zuwa 4 ta yi inuwa. Shi ma'aikaci da adadin dashe ake auna aikinsa, nawa ka raina, nawa ka raba. In aka ce ka kawo tsiro dubu 50 kafin watan Yuli, me za ka zuba a leda in ba dogon yaro da turare ba?

Ɗauki kaɗanya. Ƙwallonta in ya bushe ya mutu, dole a shuka shi yana ɗanye, 'yan kwanaki bayan ya faɗo. Ta tsiro kuma sai ta fara tura saiwa ƙasa, sama ba a ganin komai, ka zaci ta mutu. Kafin ta yi 'ya'ya sai shekara 15, wata har 20. Wane shugaba ne zai dasa abin da ba zai gani a wa'adinsa ba? Ita kuma ɗorawa matsalarta daban. Irinta shi ne kalwa, kalwa kuma kuɗi ce, ana tsince ta tas a kai tukunya. Ba a barin abin da zai faɗi ya tsiro.

Na uku, wanda mutane ba sa lura da shi: saura ta ƙare. Da, in gona ta gaji sai a bar ta shekaru ta huta, a cikin sauran nan ƙananan kaɗanya da ɗorawa da taura suke samun damar tasowa, in an dawo sassabe a zaɓi masu kyau a bari. Yau gona ɗaya magada goma, ba a hutar da ko taku ɗaya. Garmar shanu da tarakta kuma ba su san tsiro ba.

Ɗan_Gandu:
Allah ya ƙara girma Baba. Wannan zancen saura ban taɓa haɗa shi da lamarin ba.

Bamaraɗe_Na_Tibiri:
Sannunku 'yan'uwa. Ni daga jahar Maraɗi nike, kuma in kun yarda abin da kuke kuka da shi mun riga ku shiga, mun kuma ɗan fita. Bayan farin shekarun 1970 an kashe kuɗi masu yawa wajen dashe a Nijar, mafi yawan itacen suka mutu. Gonaki suka zama fayau, iska na binne hatsi da rairayi, sai mutum ya yi shuka sau biyu sau uku. A 1983 wani Bature ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, da ke aiki nan Maraɗi ya lura cewa 'yan kurmin da muke sarewa kowace shekara lokacin sharar gona ba ciyawa ba ne. Toho ne na kututturan itatuwan da aka sare, saiwarsu na nan da rai a ƙasa. Sai ya ce kada a ƙone, a zaɓi rassa 3 zuwa 5 mafi ƙarfi a kowane kututture, a sare sauran, a riƙa yi musu aski. Saboda saiwar ta riga ta yi nisa, toho ya fi dashe saurin girma. Mu muna kiran shi sassabin zamani.

Da fari mutane sun ƙi, ana yi wa mai yi dariya wai gonarsa ƙazama ce. Yunwar 1984 ce ta sa aka karɓa, don an haɗa shi da rabon abinci. Da rabon ya ƙare da yawa sun sare nasu, amma waɗanda suka bari suka ga amfanin, maƙwabta suka kwaikwaya. Masu bincike da hotunan tauraron ɗan'adam sun ƙiyasta hekta miliyan 5 da itace wajen miliyan 200 a kudancin Nijar, musamman Maraɗi da Damagaram. Ba leda, ba ban ruwa.

Sarkin_Yaƙi_07:
Miliyan 200? Kai ɗan'uwa, a rage mana hanya. Wa ya ƙirga?

Bamaraɗe_Na_Tibiri:
Ƙiyasi ne, na faɗa. Amma ba sai ka yarda da lissafi ba. Ka biyo hanyar Daura ka shiga Matamaye ko Magarya da rani, ka dubi gawo a gonaki, sa'annan ka waiwayi ɓangarenku. A 2018 an ba shi Rinaudo lambar yabo ta duniya a Suwidin kan wannan aiki, tare da wani manomi, Yacouba Sawadogo na Burkina Faso.

Hajiya_Mai_Lalle:
Na shaida wannan. Dangin mijina 'yan Kance ne. Gawo a can kamar an jera. Kuma tsofaffinsu suna ba da labarin cewa tun zamanin Sarkin Damagaram Tanimu akwai hukunci mai tsanani a kan wanda ya sare gawo. Watau abin yana da tushe, ba Bature ne ya koya musu darajarsa ba.

Agronomi_ABU:
Hajiya ta yi daidai, kuma shi kansa Rinaudo bai ce shi ya ƙirƙiro ba. Gawo itace ne mai abin mamaki: da damina yake kaɗe ganye, da rani ya yi kore. Don haka ba ya tare wa gero rana, ganyensa ya zama taki daidai lokacin shuka, saiwarsa kuma tana ƙara wa ƙasa sinadarin da takin yuriya ke bayarwa. Dabbobi su kwana ƙarƙashinsa da rani suna cin 'ya'yansa su bar kashi. Kowane manomi ya san geron gindin gawo ya fi na fili.

Amma ina da gyara ga ɗan'uwanmu na Tibiri. Sassabin zamani yana dawo da abin da ke da kututture mai rai ne ko iri a ƙasa: sabara, kalgo, geza, magarya, aduwa, gawo. Tambayar Ɗan_Gandu a kan ɗorawa da kaɗanya da kanya take. Inda aka tumɓuke su, ko suka tsufa suka mutu a tsaye, babu abin da zai toho. Gona za ta iya cika da itace amma nau'i huɗu ko biyar kawai. Yawan itace daban, yawan nau'o'i daban. Don haka dole a haɗa biyun, a raini toho, a kuma shuka waɗanda suka ɓace da hannu.

Bamaraɗe_Na_Tibiri:
Ban musa ba Malam. Mu ma akwai itatuwan da sai dai suna. Amma mai jin yunwa ba ya raina kalgo. Matanmu da suke tafiya mai nisa neman itacen girki yanzu daga askin gona suke samu.

Abin da na manta ban faɗa ba, kuma shi ne babba: doka. Da, itace na gwamnati ne ko a gonarka yake. Ka sare reshe mushen daji, watau malamin daji, ya ci ka tara. To wa zai bar abin da zai jawo masa tara ya girma? Tun yana ƙarami ake kashe shi. Sai da manomi ya tabbata itacen nasa ne kafin ya fara tsaronsa. An gyara dokar daji a 2004, a 2020 kuma aka fitar da doka ta musamman da ta ba manomi haƙƙin itacen da ya raina.

Mai_Gawayi_Gaskiya:
Tun ɗazu nake karantawa ina jiran a zo kanmu, don na san za a zo. E, gawayi nake sayarwa. Amma ku gaya mini, cikinku nan wa bai da kurfoti a gida? Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 gas ya tashi, kananzir kuwa an daɗe da mantawa da shi. Ma'aikata masu albashi su ne manyan masu sayena yanzu. Masu gidan burodi da masu tsire da masu shayi fa, da me suke aiki? Kuna zagin mai sarewa da baki, kuna ba shi kuɗi da hannu.

Ummu_Hanifa:
Ba wanda ya zage ka Malam. Ni ma da gawayi nake girki, ba zan yi ƙarya ba. Amma me ya sa sai ƙirya da marke da kaɗanya? Ga dogon yaro nan birjik.

Mai_Gawayi_Gaskiya:
Hajiya ke da kanki in na kawo miki gawayi mara nauyi za ki dawo mini da shi, ki ce toka ne. Na ƙirya da na marke su ne masu riƙe wuta. Maƙera ma tun asali na ƙirya suke nema. Mai saye ne yake zaɓa, ba mu ba. Kuma yanzu ba a kusa ake samu ba, manyan motoci daga dazukan Bauchi da Neja da Nasarawa suke ɗaukowa.

Jikan_Ardo:
Kafin a zo kanmu mu ma, bari in riga ku. Za a ce makiyaya ke sassare rassan gawo da kawo da madobiya su ba shanu. Gaskiya ne, da bazara in ciyawa ta ƙare ana yi. Amma a tambaya, ina makiyayar da aka ware tun dokar 1965? Ina burtali? An nome. Fadamar da muke sauka da rani ta zama lambu. Kuma makiyayin kirki reshe yake sarewa, ba gindi ba, don yana so ya dawo baɗi ya samu. Sannan Malam Agronomi ya faɗa muku rabin zance: irin gawo da na bagaruwa da na aduwa a cikin kashin dabbobi suke yaɗuwa. Gonar da shanu ba sa kwana a cikinta ba ta cika fitar da sabon gawo ba.

Agronomi_ABU:
Haka ne Jikan Ardo, ƙwayar gawo tana da tauri, bin cikin dabba yana taimaka mata ta tsiro. Sai dai akuyar da ta kawo irin ita ce kuma take cinye tsiron. Shekara biyun farko su ne matsalar.

Ɗan_Jalingo:
Ku kuna maganar gatari da akuya, mu injin yanka muka gani. Wajen 2014 zuwa 2017 abin da aka yi wa madobiya a Taraba ba a magana. A nan Madrid ake ce mata. 'Yan kasuwa na saye ana lodawa a tirela zuwa Legas, daga can sai Sin, inda ake yin kujeru da gadaje masu tsada da ita. Samari suka bar gona da makaranta suka shiga daji. Duwatsun wajen Bali da Gashaka da Kurmi da ka sani a rufe, sai ga su tsirara. A farkon 2017 aka sa ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta taƙaita cinikinsu, a 2018 aka dakatar da Najeriya daga fitar da ita. Amma kafin nan manyan sun tafi. Kuɗin kuma ba su zauna ba, babura aka saya aka ƙara aure.

Sarkin_Yaƙi_07:
To Ɗan_Jalingo ai gara a sare dajin. Me Rugu da Kamuku da Sambisa suka tsinana mana in ban da ɓoye 'yan bindiga? Ni da za a bi shawarata a baje su a raba wa manoma.

Tsohon_Malamin_Daji:
Yaro, a hankali. Ba itace ne ya ɗauki bindiga ba. Daji ya zama maɓoya ne ranar da hukuma ta janye ƙafa daga cikinsa. Lokacin da muka fara aiki kowane gandun daji yana da masu gadi, ana share iyakarsa duk shekara, ana yin ƙunar wuri da wuri don kada gobarar rani ta cinye shi, an san kowace ruga da ke kusa. Aka daina ɗaukar ma'aikata, waɗanda suka yi ritaya ba a maye gurbinsu ba. In ka baje dajin Falgore, ka san kogin Kano ta nan yake biyowa kafin ya shiga madatsar Tiga? Ka sare dajin, ƙasa ta zaizaye ta cike dam ɗin, sai ka gaya wa masu noman rani na Kura da Kadawa abin da za su yi.

Binta_Zazzau:
Baba ya gama magana. Ni abin da ke damuna ma ba manyan itatuwa ba ne. Maganin feshi. Tun da aka koma feshe gona maimakon noma da fartanya, tafasa da yaɗiya da gasaya da lalo da muke tsinka a bakin gona sun yi wuya. Waɗannan su ne abincin talaka a watan Agusta kafin sabon hatsi ya nuna. Gamba ma da ake zana da ita yanzu saye ake yi. Ba wanda yake lissafa su cikin asara saboda ba su da gindi.

Malam_Na_Tsangaya:
Assalamu alaikum. Allon da almajirai ke karatu da shi, masassaƙa sun fi son aduwa. Magarya da ganyenta ake wanke mamaci. Bagaruwa majema ke jima da ita. Wanda ya ce waɗannan itatuwan daji ne kawai bai duba gidansa ba. Kuma addini bai bar mu haka ba. Ya zo a hadisi cewa in alƙiyama za ta tsaya alhali a hannun ɗayanku akwai dashe, in ya samu iko ya dasa. Abu Dawud kuma ya ruwaito gargaɗi mai tsanani a kan sare magarya, ya bayyana cewa ana nufin wadda matafiya da dabbobi ke fakewa a inuwarta, a sare ta ba da haƙƙi ba. Hurumi ma da sarakunanmu ke warewa a bayan gari yana da asali a shari'a. Yau ina hurumin garinku? An yanka filaye.

Kwamared_Fagge:
Allah ya gafarta Malam, a ƙara da cewa da aljanu ne ke gadin tsamiya da kuka. Ba mai iya kai musu gatari. Da wa'azi ya yi yawa aka daina tsoro, sai aka sare. Ku malamai ku kuka kori masu gadi, sai ku kawo wasu 😄

Malam_Na_Tsangaya:
Kwamared, Allah ya shirye ka. Tsoron Allah ai ya fi tsoron aljani tsare itace, in da akwai shi.

Ɗan_Nguru:
Ku ba mu dama mu mutanen ruwa. Mu namu asarar ba gatari ne ya fara jawo ta ba, dam ne. Da aka gina Tiga a 1974, aka ƙara da Challawa a 1992, ambaliyar da ke malale fadamun Haɗeja da Nguru duk shekara ta canza. Da, ruwa ya zo da ƙarfi da damina, ya janye da rani, a yi shinkafa, a kama kifi, a yi noman rani a danshin da ya bari, shanu su sauko su ci. Yanzu wani wuri ruwan ba ya zuwa, itatuwan da suka dogara da shi sun bushe. Wani wurin kuma ba ya janyewa sam, sai kachala ta samu gindin zama. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki, jirgin kwale-kwale ba ya ratsawa, ga tsuntsayen jan-baki sun samu gidan kwana suna fitowa su cinye shinkafa da gero. Kun ga nan kore ne shar, wanda ya gani a hoto zai ce Masha Allah, alhali ciyawa ɗaya ce ta kori sauran.

Wannan wuri fa duniya ta san da shi. Tsuntsaye daga Turai suke ƙetaro Sahara su yi hunturu a nan. A 1989 mijin Sarauniyar Ingila, Yarima Philip, ya zo Dagona don ganinsu. A 2000 aka sa tafkin Nguru cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar. Amma gauraka da iyayenmu ke ba da labarin garkensu, ni ban taɓa ganin ko ɗaya a fadamarmu ba.

Binta_Zazzau:
Gauraka ma da nisa. Yaushe rabonku da ganin ungulu a mahauta?

Kwamared_Fagge:
Kai! Wallahi sai da kika faɗa. Muna yara a kan rufin kwatar Kano ba sa ƙirguwa.

Agronomi_ABU:
Tun 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa irin ungulun nan ta cikin gari a jerin halittun da ke dab da ƙarewa. Abu biyu suka haɗu mata a wajenmu: masu kama ta suna sayar wa 'yan tsibbu da masu maganin gargajiya, da kuma rashin dogayen itatuwa irin su rimi da giginya da kuka da take sheƙa a kai. Kun ga zancen ya koma kan tambayar farko. Haka jemage, shi ne yake ɗaukar ƙurar furen kuka da na ɗorawa daga wannan itace zuwa wancan da dare. Ka rasa shi, 'ya'ya su ragu.

Bamaraɗe_Na_Tibiri:
Don kada a ce duk labarin baƙi ne: raƙuman dawa na Kure, kusa da Yamai, a 1996 ba su kai 50 ba, su kaɗai suka rage a duk Afirka ta Yamma. Da aka hana farauta aka kuma sa mutanen ƙauyukan cikin amfanin, sun haura 600. A 2018 har an ɗebi wasu an kai Gadabeji.

Injiniya_Dutse:
Ina so in ɗan ja da Ɗan_Gandu. Ba ko'ina ne itace ke ƙarewa ba, kuma ba yawan mutane ne kaɗai ke kashe shi ba. Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya da Jami'ar Bayero, ya yi shekaru yana nazarin ƙauyukan kewayen Kano. Abin da ya gano ya saɓa wa zato: inda mutane suka fi cunkoso, gonaki sun riƙe itatuwansu, domin kowane itace yana da mai shi. Inda ake ɓarna shi ne dajin da ba na kowa ba. Wannan ya yi daidai da abin da na Tibiri ya faɗa a kan doka. Don haka ni ban yarda cewa manomi ne matsala ba.

Ɗan_Gandu:
Injiniya ban ce manomi ne matsala ba, ni ma manomi ne. Kuma ban ce babu itace ba. Cewa na yi babu ƙanana, waɗanda ake gani sababbi kuma dogon yaro ne da mangwaro da turare. Nazarin da ka ambata ya kwana biyu, a lokacin gari bai cinye Kumbotso da Ungogo ba. Ka shiga Dorayi ko Kurna ko Giginyu yau ka nemo mini itacen da aka sa wa unguwar sunansa.

Hajiya_Mai_Lalle:
To ina shirin nan na Babbar Katangar Itatuwa da ake ta faɗa? Ba shi ne zai magance wannan ba?

Tsohon_Malamin_Daji:
Hajiya, Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, daga Senegal zuwa Jibuti, kusan kilomita 8,000. Najeriya ta kafa masa hukuma a 2015, yana aiki a jihohi 11 na arewa. Akwai kuma shirin gyaran ƙasa na ACReSAL na Bankin Duniya, dala miliyan 700, jihohin arewa 19 da Abuja. Kuɗi kam akwai. Su kansu masu shirin katangar sun sauka daga tunanin jera itace layi ɗaya, sun koma maganar gyaran ƙasa da rainon toho, saboda darasin Nijar. Abin da zan ce a duba shi ne, kada a tambayi nawa aka dasa. A koma bayan rani biyu a ƙirga nawa suka rayu, kuma wane iri ne.

Sarkin_Yaƙi_07:
Duk na ji. Amma har yanzu ina kan bakana, mutumin da ke neman abin da zai ci yau ba za ka ce ya jira kaɗanya shekara 15 ba. A ba shi mangwaro da kashu, shekara 4 ya fara sayarwa.

Ummu_Hanifa:
Ba a hana shi mangwaro ba. Amma mangwaro sai da ban ruwa a farko, kaɗanya kuwa ba mai ba ta ko moɗa ɗaya. Kuma man kaɗe yanzu har Turai ake fita da shi, kuɗin mata ne. A garinmu matsalar ita ce mace ba ta da gona, itacen na mai gona ne, in ya ga dama ya sayar wa su Mai_Gawayi ba tare da ya tambayi wadda ke tsintar ƙwallon ba. Baba Malamin Daji, in mutum yana so ya gwada ɗorawa a bayan gida, yaya zai yi?

Tsohon_Malamin_Daji:
'Yata, ki samo kalwa ɗanya wadda ba a dafa ba, ta bana. Ki tafasa ruwa ki sauke, ki zuba ta ciki ta kwana, ko ki ɗan kankare bayan kowace da wuƙa. Ki shuka inda kike so ta zauna a farkon damina, biyu ko uku a rami, don ba ta son a dame saiwarta. Ki kewaye da ƙaya ko tsohon kwando saboda awaki. In Allah ya sa ta tsallake rani biyu, wajen shekara 8 zuwa 10 za ki fara ganin tutu. Kaɗanya kuwa ki sa ƙwallon a ƙasa a makon da kika sha ta.

Jikan_Ardo:
Ƙayar dai a sa ta da kyau. Kada gobe a ce akuyar Fulani ce.

Mai_Gawayi_Gaskiya:
Ni dai har yanzu ba wanda ya gaya mini da me za ku dafa tuwon dare in na daina. Kwamared, kai da ka fi kowa baki, buhunka na wancan watan ma ba ka gama biya ba.

Kwamared_Fagge:
A bar tone-tone a zaure, Alhaji. Zan aiko yaro.

Injiniya_Dutse:
Ɗan_Gandu, kan batun ƙanana na ji ka, amma ina so mu gwada maimakon musu. Duk wanda zai je gida hutun nan ya zaga gonar gidansu ya rubuto mana irin itatuwan da ke ciki, da waɗanda ba su kai tsawon mutum ba. A faɗi gari. Ina zargin abin da za a samu a Gumel ba shi za a samu a Rano ba.

Bamaraɗe_Na_Tibiri:
A ƙirga har da kututture masu toho. Ku kuna tsallake su ba ku sa su a lissafi.